Babur a Gindin Tsamiya

A Rurum Sabon Gari in mutum ya ce Fulera mai zane, ba sai ya ƙara wata magana ba, za a nuna masa gidan Malam Isiyaku tela, can bayan injin niƙa. Ita ce matarsa. Doguwa ce, ba ta da jiki, ba ta kuma da yawan magana, kullum da shuɗin biro a gefen yatsanta kamar wadda ta sa lalle. Boko ba ta yi ba, allon ma izu biyu ta yi aka cire ta. Amma hannun nan nata Allah ya yi masa baiwa, ba wanda ya zaunar da ita ya koya mata.

Haifaffiyar Rano ce. Tun tana 'yar mitsitsiya in an ɗora mata tallan gyaɗa, sai a tarar da ita a durƙushe tana zane a ƙasa da tsinke, farantin na gefe kaji na ta shagali. Ta sha duka a kan haka. Ta zane bangon madafi da gawayi, uwarta ta goge, gobe ta sake. Da ta girma abin sai ya zama sana'a. Mata su kawo farin yadi, na zanin gado ko na rigar matashi, ta fitar musu da fulawa da reshe da tauraro, su tafi su bi da zare. Da wuya amarya ta tare a unguwar babu hannun Fulera a ɗakinta.

To wancan na mutane ne. Nata na kanta daban yake, shi ba na sayarwa ba ne, ba kuma kowa take nuna wa ba. Da, a takardar buhun siminti take yi. Da siyasa ta dawo sai Allah ya buɗe mata ƙofar takarda, don duk zaɓe sai an lulluɓe ƙofar shagon Malam Isiyaku da fastar 'yan takara. Ana gamawa ya ɓamɓare ya kawo mata. Takarda ce mai kauri, bayanta fari tas. Maƙwabciyarta Ramlatu, wadda katanga ɗaya ta raba su, mai bakin tsiya, takan ce, “Duk garin nan ke kaɗai kika ci ribar dimokuraɗiyya. Mu ko buhun taki ba mu gani ba.”

In za ta yi zanenta sai ta kunna rediyo ƙasa-ƙasa. Kiɗa mai sanyi, sai ka ga layin ya miƙe yana lanƙwasa kamar rafi. In kalangu ne, ɗigo-ɗigo za ta yi ta jerawa. Ranar Juma'a da yamma kuma mijin Ramlatu yakan tayar da janareta, mata su taru a yi kallon kaset. Kowa na bin labari, ana ta wayyo da Allah wadai, ita Fulera labulen ɗakin take kallo, da shukokin lambu, da yadda aka ajiye buta a bakin ƙofa. Ta dawo gida ta sauke su a takarda. Can baya har mutane takan zana, da tsuntsaye da kifi. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a aka buɗe Islamiyyar matan aure a unguwar, ta shiga. Ranar da malamarsu, Malama Hadiza, ta karantar da su maganar zanen abu mai rai, cewa mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da yake, Fulera ta dawo ta zazzage takardunta, duk mai fuska ta tura a murhu. Ba wanda ya sa ta. Tun daga ranar ko malam-buɗe-littafi ba ta ƙara zanawa ba.

Malam Isiyaku ba shi ne mijinta na fari ba. Na farin mutumin Nariya ne, ta ƙasar Kibiya. Sunansa na yanka Ƙasimu, amma Gwadabe kowa yake ce masa. Yana cikin waɗanda suka fara ɗaukar mutane a babur a yankin nan, tun ba a saba da acaɓa ba, daga Nariya zuwa Kibiya, wani lokaci har Rano. Shekara biyu da 'yan watanni suka yi tare, suka haifi 'ya mace, Sharifa. Tana wata takwas aka yi wani irin zafi, sanƙarau ya shigo, kwana uku ya yi a kwance Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa da rahama. Hoto guda ɗaya ya bari, na lasin, shi ma gara ta cinye tare da takardun babur.

Ana yaye Sharifa kakarta ta wajen uba ta ɗauke ta, don ita ce abin da ya rage mata na ɗanta. Fulera ta koma Rano, bayan shekara biyu Malam Isiyaku ya aure ta ya kawo ta Rurum, suka haifi Shamsu da ƙannensa. Sharifa ta tashi a Nariya. Kakar take kira Inna, uwar kuwa Yaya.

Kuma an san halinmu da 'yar fari. Ba a kiran sunanta, ba a zama hira da ita, ba a ƙare mata kallo. Fulera ta riƙe kunyar nan da hannu biyu, har ta fi iyayenta. In yarinyar ta zo hutu, “ke” take ce mata, ido na kan tukunya ko kan tsintsiya. Sunan Gwadabe kuwa, tun yana da rai bai taɓa fita daga bakinta ba, balle yanzu a gidan wani mijin.

Haka aka tafi shekara goma sha tara. Sharifa ta gama sakandare, ta auri wani malamin firamare a Kibiya wanda ita ta kawo shi. Ba a rufa shekara ba kakar ta rasu. Shi ya sa da cikin fari ya kai wata bakwai, aka rasa inda za a kai ta goyon ciki sai gidan uwarta a Rurum. Shekarar zaɓe ce, damina ta ja baya, ana ta cirar gyaɗa.

Sati biyu suna gida ɗaya, magana ba ta wuce “ga abinci” da “an gode”. Ran nan da hantsi suna ɓarar gyaɗa a inuwar rumbu, kowa ta ba 'yar'uwarta gefe, sai Sharifa ta ce, “Yaya.”

“Uhm.”

“Maigidan ya ce in namiji ne sunan babana za a sa.”

Fulera ta ci gaba da ɓara.

“Ni ko hotonsa ban taɓa gani ba. Inna in na tambaye ta sai ta kalle ni ta kama kuka. Yanzu ita ma ta tafi. Wai shi da wa yake kama? Wane irin mutum ne?”

“Ke, tashi ki duba tukunyar nan kar ta ƙone.”

Ruwa ne zalla a tukunyar, ko tafasa bai yi ba. Sharifa ta miƙe da ƙyar, hannu a ƙugu, ta je ta duba.

Maganar ta tsaya wa Fulera a ƙirji kamar ƙashin kifi. Baki dai ba zai iya ba, wannan ta sani. Sai zuciya ta ce mata, ai kina da hannu. Sau ɗaya tak, ki zana fuskar, ki nuna mata, ki ƙone, ki yi istigfari. Ita kanta ta san wannan lissafi ba na Allah ba ne, mutum ya shirya laifi ya shirya tuba tare. Amma uwa ce. Kwana uku, in Malam ya tafi shago Sharifa ta kwanta hutun rana, sai ta shige madafi da fastar wani ɗan takarar kansila, ta kife ta a kan faifai ta yi ta zane a bayanta. Hannun bai manta ba. Goshi ya fito, hanci ya fito, gashin baki ya kwanta luf.

Rana ta uku sai ga Ramlatu ta faɗo aron rariya, sallama da shigowa lokaci guda kamar yadda ta saba. Kafin Fulera ta rufe ta riga ta gani.

“A'a. Fulera. Ashe ke ma kina ciki? Mu ne marasa kunya muna faɗa da baki, ku salihai a madafi kuke naku.”

“Ciki na me?”

“Wannan ai mutumin nan ne na kaset ɗin shekaranjiya, wanda ya yi ta bin yarinya a lambu yana waƙa. Ga girarsa nan. Wallahi har murmushin. Bari Malam ya dawo in ba shi labari.”

Fulera ta duba takardar da kyau. Gaskiya ne. Ɗan fim ne a zaune a kan faifanta yana mata murmushi. Ta rufe ido ta nemo fuskar Gwadabe, sai wannan dai ta sake zuwa. Ta kore ta, wata ta zo, ita ma ta kaset. Shekara da shekaru tana kallon fuskokin mutane a akwatin talabijin na Ramlatu, ashe suna ta hawa kan tasa ɗaya bayan ɗaya, ba ta sani ba. Fuskar ta tafi kamar sawun ƙafa bayan ruwan sama.

Ramlatu ta ga yadda ta koma, dariyar ta tsaya. “Ke wa kika so zanawa?”

“Uban yarinyar.”

Ramlatu ba ta san shi ba, bai taɓa zama a Rurum ba. Ta zauna a kan turmi ta ce, “Allah Sarki. Yafe mini, bakin nan nawa wata rana shi zai kai ni.” Ko rariyar ba ta ɗauka ba. Fulera ta tura takardar a wuta, fuskar ɗan takara da ta ɗan fim suka ƙone tare.

Washegari da aka tashi daga Islamiyya ta tsaya sai da kowa ta watse, ta durƙusa gaban Malama Hadiza ta faɗa mata komai, ba ta rage ba. Malama dattijuwa ce, ta ji ta har ƙarshe.

“Kin ƙone?”

“Na ƙone, Malama.”

“To Allah mai gafara ne, kar ki ƙara. Ai ba zane aka hana ki ba. Itace, dutse, gida, hanya, duk abin da ba shi da rai, zana abinki.”

“Malama, yarinya ubanta ta tambaya, ba dutse ba.”

“To buɗe baki ki faɗa mata mana. Kunyar nan ba farilla ba ce, al'ada ce. Yarinya tana da hakkin ta san ubanta.” Sai ta yi 'yar dariya. “Ina dai faɗa miki ne. Ni ma ɗana na fari yau shekararsa arba'in, in zan kira shi sai dai in yi gyaran murya.”

Fulera ta gwada, Allah ya sani ta gwada. Sau biyu tana zuwa bakin ƙofar ɗakin da Sharifa take, ta ce “ke”, yarinyar ta ɗago, sai ta ji kanta tana cewa, “Kin sha kunun?” Sharifa ba ta ƙara tambaya ba. Ciki ya shiga wata tara.

Ramlatu ce ta zo da maganar da ta fi zafi. Wannan karon a hankali ta yi sallama. Ta ce, “Jiya 'yarki ta shigo wajena kitso. Ta ce mini wai ita ta gane. Wai mutumin da uwarsa ba ta iya maganarsa sai kuka, matarsa kuma ana ambatonsa sai ta ce a duba tukunya, to akwai abin da ake ɓoyewa. Ƙila ba mutumin kirki ba ne. Ta ce in mijinta ya zo ranar Asabar za ta ce masa ya nemi wani sunan, ba za ta ɗora wa ɗanta abin da ba ta sani ba.”

Ranar Laraba ce. Fulera ta yi azahar, ta daɗe a kan sallaya. Mutumin da bai taɓa ɗaga mata murya ba, yau shirunta ya ɓata shi a wajen 'yarsa. Ta ce, Ya Allah ka ga baki ka ga hannu, duk biyun a ɗaure, kai ne mai kwancewa.

Alhamis da hantsi tana tankaɗe, rediyo na gefe, sai aka sako wani tsohon kiɗan garaya. Rariyar ta tsaya a hannunta. Kiɗan nan shi ne a kaset ɗin Gwadabe. Yana da wata 'yar rikoda da yake ɗaurewa a gaban babur da robar taya, kaset ɗaya gare shi, ya juya ya sake juyawa, har mutanen Nariya kan ce sun ji garaya tun daga rafi, a ɗora ruwa Gwadabe ya dawo. Fuskar ba ta zo ba. Amma rikodar ta zo, da tsagar da ke murfinta. Babur ɗin ya zo, ja, da lotsawar tankinsa. Tsamiyar ƙofar masallacin Nariya ta zo, inda yake jingine shi in an kira salla. Abubuwa suka yi ta zuwa suna turereniya kamar awaki a bakin rijiya.

Sai kuma ta tuna wani kaset da suka taɓa kallo. An daɗe ana jiran wani da ya yi tafiya, da ya dawo ba a nuna shi ba sam, takalmansa kawai aka nuna a bakin ƙofa. Matan ɗakin duk suka fashe da kuka, kowa ta san wanda ya zo. Ita a ranar abin da ta yi ta tunani ke nan, yadda aka nuna mutum ba a nuna shi ba.

Ta karkaɗe hannu. Ta ɗauko fasta huɗu, ta haɗa bakinsu da zare da allura ya zama kamar faɗin tabarmar salla. Wannan karon ba ta ɓuya a madafi ba, a ɗakinta ta shimfiɗa. Ta yi bisimilla.

Ta fara da tsamiyar, da duwatsu can baya, da hanyar da ta gangaro daga rafi. Ta zana ƙofar masallaci, da takalman fata guda biyu a bakinta, na dama an ɗinke maɗaurinsa da waya. Ta zana buta. Ta ɗauki jan biro ta fitar da babur a jingine. A kujerar baya ta sa ɗan matashin da ita da kanta ta ɗinka masa, don ya ce tsofaffi da masu ciki suna shan wuya a gargada. Ta ɗaura rake guda biyu a baya, tsarabarta ta ranar kasuwa. Ta zana rikodar, daga bakinta ta jawo layi siriri yana hawa yana sauka yadda garayar take tafiya, uku gajeru ɗaya dogo, ya bi ta cikin rassan tsamiya ya fita. Ta rataye hularsa a kan madubi, don shi in zai yi alwala nan yake sa ta, sau da yawa ma sai ya idar da salla ya tuna. A hannun babur kuma ta rataye wasu 'yan takalma ja, ƙanana, an haɗa su da zare. Nan sai da ta ajiye biron ta share ido da gefen zani, kar hawaye ya ɗiga a takarda.

Ranar ba ta gama ba. Juma'a bayan an sauko daga masallaci tana kan ƙarasawa, ba ta ji sallamar Malam Isiyaku ba sai ganin inuwarsa ta yi. Ta rasa inda za ta sa kanta. Ga ta a ɗakin mutum, a kan tabarmarsa, da takardar da shi ya kawo mata, tana zana wani mijin. Ta jawo mayafi za ta rufe.

“Bari mana, Maman Shamsu.”

Ya tsuguna. Ya daɗe yana kallo, har ya cire tabarau ya goge ya mayar.

“Wannan ai Gwadabe ne,” in ji shi. “Ya shiga salla.”

Ta sunkuyar da kai.

“Amma kin yi kuskure. Hular a madubin hagu yake sa ta. Na daman ai babu shi, tun ranar da saniyar Fulani ta ture shi a kasuwar Kibiya.”

Ta ɗago. “Malam, ka san shi?”

“Na san shi? Lokacin ina koyon ɗinki a Kibiya maciji ya sare ni a bayan shago, ranar kasuwa. Shi ya sauke fasinjansa ya ɗaure ni a bayansa da rawanin maigidana, bai tsaya ba sai asibiti a Rano. A kan matashin nan na zauna. Ya yini a kaina har la'asar, kasuwa ta watse bai ɗauki kowa ba.”

“Ba ka taɓa faɗa mini ba.”

“Ke kin taɓa tambaya? Kina jin kunyata, ina jin taki, shekara goma sha bakwai. To ai ga shi nan.” Sai ya ɗaga murya. “Sharifa, zo ki ga wani abu.”

Fulera ta yunƙura za ta fita, ya ce, “Zauna. Ba ke za ki yi magana ba, ni zan yi.”

Sharifa ta shigo tana jan ƙafa, ta zauna a bakin gado. Ta kalli takardar, ta kalli Malam. “Baba, wannan fa? Babu kowa a ciki.”

“Yana ciki, yana masallaci. Ubanki ke nan. In an kira salla ko da fasinja a baya sai ya tsaya, in ka yi ƙorafi ya ce ai kai ma ana kiran ka.”

Ya bi zanen da yatsa yana ba ta labari. Saniyar da madubin. Macijin. Kaset ɗaya da ya ishi garin Nariya. Yadda yake ɗaukar tsofaffi yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, samari na yi masa tsiya wai jaki ya fi shi sauri. Sharifa na ji, har ta yi dariya. Can sai idonta ya sauka kan hannun babur, dariyar ta ɗauke.

“Takalman nan,” ta ce. “Na san su. Suna cikin adakar Inna, a ƙulle a ɗankwali. Sababbi, ba a taɓa sawa ba. Na tambaye ta na wa ne ta ƙwace.”

Malam Isiyaku ya ce, “Wannan kam ban san shi ba.” Ya juya ya kalli matarsa.

Fulera ta kafe ido a kan tabarma, tana murza bakin zani. Muryar da ta fito 'yar ƙarama ce, kuma da tabarmar take magana.

“Ranar kasuwar ƙarshe ya sayo. Na ce yarinya ko rarrafe ba ta gama ba, sun yi mata yawa. Ya ce ai tafiya za ta yi, gara takalmi ya jira ta.”

Iyakar abin da ta iya ke nan, kuma ya isa. Sharifa ta rufe fuska da mayafi. Malam ya bar ta sai da ta yi mai isarta, sannan ya ce, “Kamanni kuma, in kina son sani, ɗauki madubi. Goshin nan naki da wushiryar nan, ba na gidan su Fulera ba ne. Me kike tsammani yake sa kakarki kuka in ta kalle ki?”

Sharifa ta sauke mayafin tana dariya tana hawaye. A nan ne Fulera ta yi abin da ba ta yi ba tun yarinyar tana goye. Ta ɗaga ido ta kalli 'yarta, kallo na sosai. Ga goshin. Ga wushiryar. Ga yadda gefen bakin hagu yake riga na dama tashi in za a yi dariya. Abin da ta yi kwana uku tana nema a madafi, wata biyu yana cin tuwo a tsakar gidanta, kunya ta hana ta dubawa.

Sharifa ta ce, “Yaya, kallon fa?”

“Ke, tashi ki duba tukunya,” in ji Fulera. Duk su ukun suka yi dariya, don ranar ko wuta ba a hura ba.

Kafin magariba ta gyara kuskuren. Biro ba ya gogewa, sai ta mayar da madubin dama da hularsa suka zama reshen tsamiya da ya sunkuyo, ta sake zana hular a hagu. In ka duba da kyau har yanzu za ka ga wurin. Asabar mijin Sharifa ya zo, ba a yi maganar canza suna ba. Shi ma sai da aka zaunar da shi aka ba shi labarin saniya.

Kwana goma sha ɗaya bayan nan Sharifa ta sauka lafiya, namiji. Ranar suna aka raɗa masa Ƙasimu. Ramlatu ta ce, “To Fulera, kin shiga uku. Ga 'ya ba a kiran sunanta, ga jika ba a kiran nasa. Gidan nan sai dai a koma nuni da baki.” Fulera ta karɓi jaririn ta ce, “Wannan ai maigidana ne.” An san wasan kaka da jika, ba mai cewa komai. Har yau Maigida take ce masa, da ƙarfinta, a gaban kowa, Malam Isiyaku na cewa a dai riƙa tunawa da wanda yake kawo cefane.

Zanen yana Kibiya a ɗakin Sharifa. Malam ya sa masa farar leda ya bi bakinsa da keken ɗinki don kar gara ta maimaita. Malama Hadiza da ta zo barka, kafin a tafi da shi, ta tsaya ta duba shi sama da ƙasa, ta ce ba ta ga abin da zai hana mala'ika shiga ba. In ka juya bayansa 'yan takara huɗu ne, ba wanda ya ci a cikinsu.

Fulera na nan tana zanen zanin gado. Sai dai yanzu wani lokaci mace takan shigo ba yadi a hannu, ta zauna, can ta ce babanta yana da wata gona da ɗorawa biyu a tsakiya, da garma mai karyayyar ƙota. Fulera ta rage muryar rediyo, ta jawo takarda, ta ce, “A ina yake ajiye ta in ya gaji?” Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, mu kuma ya sa mu bar abin da za a tuna mu da shi na alheri.